Wayar na'urar auna zurfin ruwa: in huda allon bayan jirgi ko in bi da ita ta sama?

Direban_Zamare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga wanda ya taɓa yin wannan aiki da hannunsa. Jirgina na fiba ne, da injin Yamaha mai doki 40, ina ɗaukar mutane da kaya tsakanin Zamare da Rofia, ranar kasuwa kuma har Yelwa. Ƙanena da ke Legas ya aiko mini da na'urar auna zurfin ruwa, Garmin Striker 4. Allon kallon na san inda zan kafa shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗan abin nan da ake ɗaurawa a bayan jirgi ya riƙa taɓa ruwa, mai doguwar waya. Takardar da ta zo da na'urar ta ce ana iya huda allon baya, inda ake ɗaura inji, a zura wayar. To filogin da ke bakin wayar ya fi ita kauri nesa ba kusa ba, ke nan sai an yi rami babba. Wani mai gyaran rediyo ya ce in kawo ya yanke wayar, a yi ɗan ƙaramin rami, in an zura ya sake haɗa ta. Hankalina bai kwanta ba. Jirgin nan shi ne gonata, shi ne kantina. Me za ku ce?

Makanike_Yelwa:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai: kada ka bari a yanke wayar nan. Ba irin wayar fitila ba ce. A cikinta akwai sirara-siraran wayoyi da wata ragar ƙarfe da ta lulluɓe su don kare su daga hayaniyar lantarki. Ko an haɗa da dalma an naɗe da tef, nan ne danshi zai fara shiga, kuma nan ne na'urar za ta fara yi maka ƙarya. Ka huda daidai da filogin, ko kada ka huda sam.

Injiniya_Ngaski:
Na goyi bayan Makanike. Bari in ɗan faɗi yadda abin ke aiki, don in an gane shi sauran shawarwarin za su zo da sauƙi. Abin da ke taɓa ruwan sunansa tiransdusa, ni kunne nake ce masa. Yana harba sauti zuwa ƙasa, sannan ya saurari dawowarsa. Sauti a ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa. In zurfin mita 15 ne, zuwa da dawowa mita 30 ke nan, wato kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa. Daga wannan ɗan lokaci na'urar ke lissafa zurfi. Amsar da ke dawowa kuwa rarrauna ce ƙwarai, shi ya sa wayar ba ta son tabo, kunnen kuma ba ya son kumfa.

Game da rami: ka auna filogin da kanka, amma irin naka yawanci bakin huda mai milimita 16 ya ishe shi. Ka yi shi can sama da inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi. Ka karkatar da injin hudar yadda bakin ramin na ciki zai fi na waje tudu, don duk ruwan da ya fantsamo ya gangara waje.

Direban_Zamare:
Na gode Injiniya, Allah ya ƙara basira. Sama da layin ruwa da kamar nawa? Akwai tabon da ruwa ya yi wa jirgin, in auna daga nan?

Hajiya_MaiKifi:
Ku gafarce ni in sa baki cikin maganar maza. Shekara da shekaru ina shiga jirgi da kwandunan busasshen kifi. Tabon da kake gani, Malam, na jirgi ne yana hutawa a bakin gaɓa. Ranar kasuwa in an loda buhunan shinkafa da babura biyu da mutane, ina ganin bayan jirgi yana nutsewa har ya kusa kai bakin katako. Kuma in direba ya rage wuta farat ɗaya, igiyar ruwan da ke biye da shi takan zo ta bugi baya. Ka auna ranar da ka yi lodi, ba ranar da jirgi ke wofi ba.

Injiniya_Ngaski:
Hajiya ta amsa fiye da yadda zan amsa. Abin da ta faɗa shi ne ma'auni.

Kafintan_Jirgi:
Ni ban yarda da hudawar ba gaba ɗaya, kuma ga dalilina. Mutane na ganin jirgin fiba sai su ɗauka roba ce zalla. A'a. Allon baya na yawancinsu katako ne a ciki, filawud mai kauri, aka lulluɓe shi da fiba gaba da baya don ya ɗauki nauyin inji. Muddin fibar na rufe, katakon zai shekara goma sha yana nan garau. Ranar da ka huda ka buɗe masa baki, ya fara shan ruwa ke nan, kuma ba shi da ta inda zai bushe. Ba za ka ga komai ba daga waje. Sai wata rana ka ga inji yana rawa, ka ƙara ɗaure noti ka ji yana nutsewa cikin allo kamar ka danna dafaffen rogo.

Na buɗe wani jirgi a bara da aka kawo mini daga wajen Shanga, allon bayansa na sa hannu ina kwaso katako kamar dussa. Da muka bi sawu, ramukan sukuru huɗu ne kacal na wani tsohon abu da aka cire ba a toshe ba. Huɗu! Gyaran ya ci wa mai shi abin da ya ninka kuɗin na'urarka.

Ka bi da wayar ta saman allo, gefe da inda inji ke juyawa, ka kama ta da kilif. Ba kyau za ta yi ba, amma ba za ta kashe maka jirgi ba.

DanKabi_Argungu:
Kafinta ya hwaɗi gaskiya. Mu nan haka munka yi ma wani jirgin fiba da ke aiki wajen Matan Fada, ta sama munka bi da ita. Shekara biyu babu abin da ya same ta.

Makanike_Yelwa:
DanKabi, jirginku na shawagi ne, ba na lodi ba. Na Malam kullum ana jan buhu, ana jefa igiya, yara na hawa ta baya. Wayar da ke saman allo ita ce farkon abin da ƙafa za ta taka. Biyu aka kawo mini haka, ɗaya inji ne ya matse ta lokacin da aka ɗaga shi sama, ɗaya kuma jarkar mai ce ta gurje ta. Kuma in ta tsinke, kunnen gaba ɗaya za ka saya. Hudawa ba laifi ba ce, hudawar ganganci ce laifi.

Injiniya_Ngaski:
Tsoron Kafinta gaskiya ne, amma yana da magani, kuma shi kansa ya san shi. Ka huda ramin ya ɗan fi yadda kake buƙata faɗi. Ka tabbatar ƙurar katakon da ke fitowa busasshiya ce, fara. In ta fito baƙa ko da danshi, ka tsaya, matsalarka ta fi ta waya. Sai ka dama efoksi, irin gam mai haɗi biyu, ka shafe cikin ramin kaf har katakon ya sha, ka bar shi ya kwana. Wasu ma cika ramin suke yi da efoksi gaba ɗaya, in ya daskare su sake huda ƙarami a tsakiyarsa, ta yadda waya ba za ta taɓa ganin katako ba. Wasu kuma guntun bututun roba suke sawa a ciki su manne shi. Bayan an zura waya sai a cike gefenta da gam ɗin jirgi, a rufe da ɗan murfin da ke zuwa cikin kwalin.

Ramukan sukurun da za su riƙe kunnen su ne ma suka fi haɗari, don su a cikin ruwa suke dare da rana. Ƙanana ne, milimita 4, kuma ba sai sun fasa zuwa ciki ba. Ka naɗa tef a jikin bakin hudar don ka san inda za ka tsaya. Kowane sukuru ka tsoma shi a gam kafin ka ɗaura, kuma ya zama mara tsatsa.

Kafintan_Jirgi:
Injiniya, ban musa ba. In za a yi yadda ka faɗa, da hannuna zan riƙe masa injin hudar. Amma mutum nawa ne za su ajiye jirgi a tudu kwana biyu ya bushe, gam ya kama, alhali fasinja na jira a bakin ruwa? Abin da na saba gani shi ne a huda da safe, a cusa silikon na tagar gida, a koma ruwa da azahar.

Direban_Zamare:
To ni ma silikon ɗin nake da niyyar saya. Ba ya yi ne?

MaiFiba_BirninKebbi:
Ba ya yi, ɗan'uwa, musamman ƙarƙashin ruwa. Yakan saki jikin fiba a hankali, kuma in ya saki ba a iya manna wani abu a wurin sai an kankare sosai. Ka nemi Sikaflex 291 ko 3M 4200. Akwai 3M 5200, amma shi manne na har abada ne, ranar da kake son cire wayar sai ka ɓalle fibar tare da shi. Da wuya ka samu a kusa, ka sa ƙanen naka ya aiko daga Legas, wajen masu kayan jiragen ruwa. Ka duba kwanan watan da ke jikinsa, don in ya tsufa a bututu daskarewa yake yi.

BabanSarkawa:
Jikana ne ke rubuta mani. Na ji an karanta mani duk abin da kuka ce. Ɗana mai jirgi, ina tambayarka: gorarka ta karye ne? Mu da gora muka san kogin nan. An datse kogi a Kainji a 1968 ina saurayi, ruwa ya haye gonaki da garuruwa da kurmi, aka tashi Gungawa daga tsibiransu. Itatuwan da ruwa ya ci da yawansu suna nan tsaye a ƙasa har gobe. Na san inda kowace kuka take a wajenmu, don na ga wasunsu da ganye. Launin ruwa yana gaya maka zurfi, yadda yake murɗawa yana gaya maka akwai dutse. Farin ruwan damina dabam, baƙin ruwan da ke zuwa da sanyi dabam, kowane da inda yake ajiye yashi. Ina tsoron ku zuba wa gilashi ido ku daina kallon kogi.

Direban_Zamare:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Gora tana nan, ba zan ajiye ta ba. Abin da ya sa nake son na'urar, tudun yashi na canja wuri kowace shekara, kuma in ruwa ya ja baya kafin damina ta kankama ina cin farfela biyu ko uku. Na ce ko za ta riƙa nuna mini ƙasa na tasowa tun kafin in ji ta a inji.

Injiniya_Ngaski:
Maganar Baba akwai ilmi a cikinta da ya kamata a faɗa a fili, don kada wani ya karanta mu ya ɗauka na'urar na ganin gaba. Ba ta gani. Kunnen yana bayan jirgi, ƙasa yake kallo, kuma abin da yake haskawa ɗan da'ira ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin. A ruwa mai mita 3, kusan mita ɗaya kacal yake gani. Ke nan kututturen da zai fasa maka goshin jirgi, sai ka riga ka hau shi kafin ya bayyana a allo. Inda take da amfani shi ne yashi mai tasowa sannu a hankali, da kuma koyon hanya: ka bi a hankali da rana, ka ga inda kwarin ruwa yake, ka sa alama, tun da irin taka tana da GPS.

Dalibi_Aliero:
Tambaya daga gefe, don Allah. Mahaifina jirgin katako gare shi. Na karanta cewa ana iya manna kunnen a cikin jirgi, a ƙasan, ba tare da an huda komai ba. Zai yi a namu?

MaiFiba_BirninKebbi:
A katako ba zai yi ba, ƙanena. Katako cike yake da iska, sautin kunnen kuma ba ya ratsa iska ya dawo. Wannan dabara ta jirgin fiba ce zalla, inda ƙasan ba shi da katako ko soso a tsakiya. Ko a nan ma ƙarfin yana raguwa, kuma ba za ta ba ka zafin ruwa daidai ba.

Kafintan_Jirgi:
Dalibi, ku naku ya fi sauƙi. Samo guntun bututu ko sandar maɗaci, ka ɗaura kunnen a ƙarshensa, ka kama shi da maƙala a gefen baya. In an dawo gida a kwance a shiga da shi ɗaki. Babu rami, babu ɓarawo, kuma in za ku jawo jirgi kan yashi ba za ku karya shi ba. Malam Direba ma da zai ji tawa, da haka zai fara na sati biyu, ya gano inda kunnen ya fi ji, sannan ya yi maganar huda.

Hajiya_MaiKifi:
Tun da Baba ya taɓo maganar kogi, ni abin da ke ci mini rai ba zurfi ba ne, lodi ne. Ba mu manta da abin da ya faru a Warrah ba a watan Mayun 2021, rayukan da aka rasa Allah kaɗai ya san zafinsu a gidajen mutane. Allah ya jiƙansu. Na'ura ba ta hana jirgi nutsewa in an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Malam, in kana da kuɗin gam daga Legas, ka haɗa da rigunan kariya ko guda goma ne. Da tafiyar dare, don Allah ku rage.

DanKabi_Argungu:
Amin Hajiya. Wanga zance shi ne babba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ma kullum shi take hwaɗi, riga da barin tahiyar dare.

Direban_Zamare:
Amin. Hajiya ina da guda takwas, zan ƙaro in sha Allahu. Bari in dawo da mu kan aikin. Wane gefe zan sa kunnen? Kuma wuta daga ina zan ɗauka, injin nawa na ja da igiya ne, ba shi da batir.

Makanike_Yelwa:
Gefen dama in kana tsaye a baya kana kallon goshin jirgi. Yawancin injina farfelarsu ta dama take juyawa, a wannan gefen fukafukin ƙasa yake yi, ruwan ya fi natsuwa. Ka nisanta shi da farfela kamar santimita 40, kuma ka juya inji dama da hagu har ƙarshe, ka ɗaga shi sama, ka tabbatar ba ya taɓa kunnen ko wayar. Ka leƙa ƙarƙashin jirgi: kada ka sa shi daidai bayan wani doro ko haƙarƙarin da ke ƙasan, don nan kumfa ke bi. Fuskarsa ta ɗan sauka ƙasa da gindin jirgi kaɗan, kamar kaurin tsinken ashana biyu.

Wuta kuma, kada ka ɗauka kai tsaye daga wayar fitilar inji, ba tsayayyiya ba ce, za ta iya ƙona maka na'ura. Ƙaramin batir mai volt 12, irin na babur, zai wuni da ita, da dare ka yi caji da sola. Ka sa fis mai amfiya 3 kusa da batir. Kuma kada ka ɗaure wayar kunne tare da wayoyin inji, in ba haka ba duk lokacin da ka ƙara wuta za ka ga allo ya cika da zane-zane. Ragowar wayar, don tana da tsawo, ka naɗe ta sako-sako ka ajiye a ciki.

MaiFiba_BirninKebbi:
Ƙari ɗaya: daga waje ka bar wayar ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau ta shiga ramin, ruwan da ke bin jikinta sai ya ɗiga a nan. Ka kuma bar mata ɗan sassauci kusa da kunnen, don an yi shi ne ya ɗage sama in ya bugi wani abu. In wayar a miƙe take tam, ita za ta tsinke.

Direban_Zamare:
Salam. Na dawo da labari bayan kwana goma sha biyu. Na haɗa shawarar Kafinta da ta Injiniya. Na sami wani farin allon roba mai kauri, na kama shi a bayan jirgi da sukuru biyu da gam, sannan na ɗaura kunnen a jikinsa, don ko zan matsar da shi sau goma robar ce za ta sha huda. Wayar kuwa na huda mata, ɗan yatsa uku ƙasa da bakin allo, bayan na auna ranar kasuwa kamar yadda Hajiya ta ce. Ƙurar ta fito fara. Na shafe da efoksi, jirgi ya kwana biyu a tudu. Na yi asarar lodin kwana biyu, amma ina barci.

Saura matsala ɗaya. In ina tafiya a hankali tana nuna zurfi tsaf, har na ga wani rami mai mita 11 inda ban taɓa zato ba. Da na buɗe wuta sai lambar ta fara ƙyaftawa, sannan ta ɓace.

Makanike_Yelwa:
Kumfa ce. Saukar da kunnen kaɗan, ka kuma sa bayansa ya ɗan fi gabansa yin ƙasa. Kaɗan-kaɗan, kana gwadawa.

Kafintan_Jirgi:
Madalla da allon robar. Amma sukuru biyun nan suna sama da ruwa ko ƙasa? In akwai na ƙasa, ka riƙa duba shi duk wata. Ni dai har yanzu da ta sama ka bi da wayar.

Injiniya_Ngaski:
Kafin ka saukar, ka sa wani ya riƙe inji kai ka leƙa baya kuna cikin gudu, ka ga inda ruwa ke fita sumul ba fari ba. Mai yiwuwa ba tsawo ba ne, wurin ne. Kuma ka gwada da lodi da kuma babu lodi, don zaman jirgin ba ɗaya ba ne.

BabanSarkawa:
Ramin nan mai zurfi da ka gani, in wanda ke kusa da inda ruwa ke murɗawa ne kafin a kai tsallake, mun san shi, giwan ruwa na kwana a ciki. Akwai dutse a gefensa ta yamma. In ruwa ya ja, ka bi ta gabas.

Direban_Zamare:
Shi ne, Baba. Na sa masa alama. Kafinta, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, zan riƙa dubawa. Gobe in Allah ya kai mu zan saukar da kunnen in gwada da lodin kasuwa. Dalibi, in kun yi na sandar ku gaya mana yadda ta kasance a katako, akwai maƙwabcina da ke tambaya.